Tambaya da Amsa: Gidan Bakin Jakara, a Saya ko a Dakata?

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan watan, dukansu daga Kano, kuma dukansu a kan zama kusa da ruwa suke, ko da yake kowane mai wasiƙa da inda abin yake yi masa ciwo. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, shekarata tara ina haya a Tarauni tare da mai ɗakina da yara huɗu. Wani dillali ya nuna mini gida mai ɗaki uku da falo a wata unguwa da ke bakin kogin Jakara, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na irinsa a inda nake zaune ba. Ya ce in hanzarta, domin da zarar an kammala titin da ake yi a kan kogin, wurin zai fi ƙarfin irina. Na je na gani a watan Fabrairu, gida ya sha sabon fenti, ƙasa a bushe, sai ɗan wari da ke tasowa da yamma. Mai ɗakina tana ɗari-ɗari, ni kuma ina tsoron kada damar ta wuce ni. Wace shawara za ku ba ni?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da zan faɗa maka shi ne, har yanzu ba ka ga gidan nan ba. A watan Fabrairu, ana tsakiyar rani, kowane gida a Kano gidan tudu ne, kuma Jakara kanta a lokacin ba ta wuce wata babbar kwata mai ɗauke da ruwan wanke-wanke da leda ba. Gidan bakin ruwa a watan Agusta ake duba shi, lokacin da ruwan sama ya fi yawa a ƙasar Kano, ƙasa ta ƙoshi ta daina sha, kuma duk abin da ya sauka daga sama sai ya nemi hanyar wucewa. Idan za ka iya, ka je ana cikin ruwan, ko kuwa da sassafen ranar da aka kwana ana zuba shi, ka tsaya a ƙofar gidan ka ga inda ruwan layin yake dosa da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya janye. Ɗari-ɗarin da mai ɗakinka take yi yana da tushe, domin ita ce za ta wuni a gidan, ita ce kuma za ta kwashe ruwa daga tsakar gida idan ya shigo kana makaranta.

Yana da kyau ka san ko wace ce maƙwabciyar da za ka yi. Jakara ta girmi ganuwa, ta girmi kasuwar Kurmi da aka kafa a gefenta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Tarihin Kano ya ambace ta tun zamanin Barbushe da sunan Kurmin Baƙin Ruwa, kuma Baturen nan Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya tarar da wata babbar fadama ta kusan raba birnin gida biyu. Wannan fadamar ita ce aka yi ta matsewa da gine-gine har ta koma siririyar magudanar da muke gani a yau. Aikinta dai bai canza ba: ruwan da ya sauka a yawancin tsohon birni da Fagge da gefen Sabon Gari ita yake bi, ya yi arewa maso gabas, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, ya ƙare a madatsar Wasai da ke Minjibir. Ma'ana, ruwan da zai wuce ta bayan gidan da aka nuna maka, na unguwanni masu yawa ne da ke sama da kai, kuma ba su da wata hanyar sai wannan.

A da akwai abin da yake rage wa Jakara nauyi, wato kududdufai. Kakanninmu sun haƙa su ne don ɗibar ƙasar ginin gidaje da ta ganuwa, sai ramukan suka zama ma'ajiyar ruwa, suna tare shi idan an yi mamako, su riƙa sakinsa sannu a hankali, wani ya nitse ƙasa ya ciyar da rijiyoyin unguwa. Ni da ke rubutun nan a bakin wani kududdufi na tashi a cikin birni, kuma ba zan yi masa kirarin ƙarya ba, domin sauro ya sha mu, shara ake zubawa a cikinsa, kuma kusan kowace damina sai an yi ta jan kunnen yara kada su je gefensa. Amma duk tsawon yarintata ban taɓa ganin ruwa a zaurenmu ba. Da aka cike shi aka yanka filaye, aka tayar da shaguna a kai, damina ta biyu ruwa ya shiga gidajen da suka haura shekara ɗari ba su san shi ba. Irin wannan ciko an yi shi a wurare da dama, an kuma malale tsakar gidaje da layuka da siminti, don haka ruwan da a da yake ɗaukar kwanaki kafin ya isa Jakara, yanzu cikin sa'a guda yake isa, gaba ɗaya. Wanda ya ga yadda ambaliya ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata yadudduka da atamfofi, ya ga abin da ke faruwa idan aka yi gini a kan hanyar ruwa aka kuma bar magudana ta toshe.

Idan ka koma gidan, ka bar kallon fentin, ka duba abin da fentin ya rufe. Ka shafa gindin bango daga ciki da waje, musamman a ɗakin da ya fi kusa da kogin, ka ga ko filasta tana ɓarewa, ko akwai farin gishiri-gishiri da damshi ke fitarwa, ko wani layi miƙaƙƙe da ke nuna iyakar inda ruwa ya taɓa tsayawa. Ka duba ƙasan ƙofofin ƙarfe ko tsatsa ta ci su. Ka kwatanta tsayin daɓen gidan da na layi da na bakin magudanar, domin gidan da sai an gangara ake shigarsa tarkon ruwa ne. Sannan ka kalli gidajen maƙwabta, waɗanda ba a shirya su don mai saye ba: idan ka ga kusan kowa ya ɗora bulo layi biyu ko uku a bakin ƙofarsa, sai an tsallaka ake shiga, to ba don ado suka yi ba.

Tambayar da ta fi waɗannan muhimmanci ita ce, mene ne a wurin kafin a yi gini? Filaye da yawa na bakin Jakara da na tsofaffin kududdufai da shara aka cike su, ba da jar ƙasa ko burji da aka daddaɓe ba. Shara tana ruɓewa tana zaunawa shekara da shekaru, ginin da ke kanta ya riƙa nitsewa ba daidai ba, sai ka ga tsaga ta taso a karkace daga kusurwar taga, ƙofa ta daina rufuwa, tayil ya fara ɗagowa. Mai sayarwa ba zai gaya maka wannan ba, dillali kuwa la'adarsa yake hange. Waɗanda za su gaya maka su ne dattawan unguwa, da limamin masallacin layin, da tsofaffin matan da suka aurar da 'ya'ya a wurin, kuma a nan mai ɗakinka za ta fi ka samun labari idan ta shiga gida biyu ko uku ta gaisa. Bayan haka ka ɗauko injiniyan gini, ba maginin da ya yi gidan ba, ka biya shi ya haƙa ɗan rami a gefen harsashi ya ga zurfinsa da irin ƙasar da ya zauna a kai. Kuɗin da zai karɓa bai kai na gyaran bango ɗaya ba.

Maganar titi kuwa, dillalin ya faɗi rabin gaskiya. Aikin rufe kogin da shimfiɗa titi a kansa, wanda jama'a ke kira Wuju-Wuju, an fara shi ne a zangon mulki na biyu na Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, sannan ya tsaya shekaru masu yawa ba a ƙarasa ba. Wanda ya sayi gida a wancan lokacin da lissafin cewa nan da shekara biyu zai ninka kuɗinsa, ya ga jinkirin da bai yi tsammani ba. Babu shakka titi yana ɗaga darajar wuri, yana rage wari, yana kuma hana yara faɗawa ruwa. Sai dai yana zuwa da abu biyu da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Na farko, sabon titi yakan fi tsofaffin gidajen gefensa tudu, kuma idan ba a haɗa kwatocin layuka da babbar magudanar yadda ya kamata ba, ruwan da a da yake gangarawa kogi kai tsaye sai ya tsaya a bayan titin, wato a ƙofar gidanku. Rufaffiyar magudana kuma idan ta cika da yashi da leda, ba a ganinta balle a yashe ta da cebur a ranar tsaftar muhalli, sai da injina.

Na biyu shi ne wanda yake raba mutum da gida baki ɗaya. Gidan da yake daf da kogi yana iya kasancewa a cikin faɗin da aka ware wa titin ko magudanar. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sanya filayen jiha a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon soke haƙƙin mallaka saboda aikin amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta tanada ta ginin da ke kan filin ce da sauran abin da aka kashe wajen inganta shi, ba kuɗin da ka biya dillali ba, kuma wanda ya yi gini ba da izini ba yakan tashi a tutar babu. Kanawa ba su manta da rusau ɗin 2023 ba, inda mutane da yawa da suka sayi shaguna da kuɗinsu, suna riƙe da takardu, suka wayi gari babu ginin. Don haka kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka karɓi kwafin takardun gidan, ka je hukumar KANGIS mai kula da bayanan filaye a bincika maka ko sunan da ke takardar shi ne na mai sayarwa kuma babu jingina a kai, sannan ka je hukumar tsara birane ta KNUPDA ka tambayi ko an amince da ginin, da kuma tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da magudanar a daidai wannan wurin. Idan gidan na awon igiya ne, takardarsa ba ta wuce ta ciniki da sa hannun mai unguwa ba, to ka sani shaida ce ta cewa ka biya kuɗi, ba ta hana katafila wucewa. Idan kuma gidan gado ne, kamar yadda yawancin na cikin birni suke, ka tabbata duk magada sun sa hannu, har da matan da ke aure a wasu garuruwa.

Warin da ka ji da yamma alama ce ta cewa kwatocin gidaje da na bayi suna zuba a kogin, kuma wannan ya shafi ruwan da za ku sha. A bakin kogi ruwan ƙasa ba shi da nisa, shi ya sa rijiya take saurin kawo ruwa, shi ya sa kuma abin da ke cikin shadda yake saurin isa gare ta. Masana lafiya suna son a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da shadda, abin da ba ya samuwa a gidan birni, inda ta maƙwabcinka ma tana jingine da bangonka. Ka ɗauka cewa rijiyar gidan ta wanki ce kawai, ka sa kuɗin 'yan garuwa ko na gwada ruwan burtsatse a cikin lissafinka, domin kwalara da taifod ta ruwan sha suke shiga gida, kuma da damina suka fi yawa. Sauro ma sai an yi masa shiri da gidan sauro da raga a tagogi, kuma idan kana da yaro ɗan ƙasa da shekara 5, kada ka bari maganin rigakafin zazzaɓin da ake rabawa gida-gida duk wata da damina ya wuce shi.

Akwai kuma batun zama da mutane, wanda sababbin zuwa suka fi yin sakaci da shi. Mai kuɗin da ya sayi gida a irin wannan unguwa, abin da yake fara yi shi ne ya zuba ciko ya ɗaga gidansa sama da na kowa, ya malale ƙofar gida da siminti har kan kwata, ya juya bututun ruwansa layi. Shi ya tsira, amma ruwan da ya kamata a raba shi ya koma gidan tsohuwar da ke gefensa, wadda ba ta da kuɗin bulo. Ƙa'idar addininmu ita ce babu cuta babu cutarwa, kuma rigingimun da ake kai wa masu unguwanni da damina da yawansu daga nan suke tasowa. Idan ka shiga, ka fara da gaishe da mai unguwa, ka shiga aikin gayyar yashe kwata kafin ruwan fari, ka kuma nemi shawarar maƙwabta kafin ka taɓa hanyar ruwa, ko da a cikin iyakarka take.

Ra'ayina shi ne kada ka saya a wannan ranin. Ka nemi mai gidan ya ba ka shi haya na shekara guda, da sharaɗin cewa idan kun daidaita bayan damina za a yi ciniki. Idan ya ƙi, ka ce a jira Satumba, idan kuma ya ce akwai mai zuwa da kuɗi gobe, ka bar masa. In har ciniki ya faɗa, ka sa a rubuta a takarda, a gaban shaidu, cewa mai sayarwa ya tabbatar ruwa bai taɓa shiga gidan ba, domin a fiƙihu ɓoye aibin kaya yana ba mai saye damar mayarwa, amma tabbatar da hakan a gaban alƙali ya fi sauƙi idan akwai rubutu. Za ka kuma lura da fuskarsa a lokacin da ka nemi a rubuta.

TAMBAYA: Ni bazawara ce mai sayar da abinci, shekarata 22 ina haya a gida ɗaya kusa da kogin, tun mai gidana yana raye yana noman lambu. Mai gidan hayar ya rasu, magadansa sun ninka mini kuɗi, yanzu kuma sun ce in tashi cikin wata guda za su mayar da wurin shaguna, tunda titi ya kawo kasuwa. Ina da wani haƙƙi?

AMSA: Allah ya jiƙan mai gidanki, Hajiya. Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce, daɗewa a gidan haya ba ta zama mallaka, kuma magada suna da ikon yin abin da suka ga dama da dukiyarsu. Amma ba su da ikon tayar da ke yadda suka ga dama. Ƙa'idar da kotunan Najeriya suka saba bi, idan babu wata yarjejeniya a rubuce da ta ce akasin haka, ita ce mai biyan haya shekara-shekara a ba shi sanarwar wata 6, mai biya wata-wata kuma a ba shi wata guda, sannan bayan wa'adin ya cika a sake ba shi ta kwana 7 kafin a shigar da ƙara. Kotu ce kaɗai take ba da umarnin fitar da ɗan haya. Cire ƙofa, ko yaye kwano, ko watso kaya waje, duk saɓa wa doka ne. Saboda haka ki tattara rasitanki, ko shaidun da suka san yadda kike biya, ki ci gaba da biyan abin da ke kanki don kada a sami hujja a kanki.

Ban ba ki shawarar ki fara da kotu ba, domin ko kin yi nasara lokaci kawai za ki samu. Ki fara da mai unguwa da limamin da suka san zamanki da marigayi mai gidan hayar, ko ofishin Hisba na yankinku, inda ake yin sulhu a irin wannan. Abin da za ki nema shi ne wa'adin da zai ishe ki neman wuri, kuma tunda shaguna za su yi, ki roƙi a ba ki ɗaya haya a farashin da za ki iya, domin masu cin abincinki a wannan layin suke, kuma leburori da masu shagunan da ke tafe su ma ciki gare su. Irin halin da kike ciki ya zama ruwan dare a duk inda aka gyara bakin ruwa: waɗanda suka sha wari da sauro shekara da shekaru, da 'yan lambun da ke noman latas da alayyafo a gefen kogin, su ne farkon waɗanda wurin yake fi ƙarfinsu idan ya gyaru. Wannan ya kamata masu tsara ayyukan su riƙa sa shi a lissafi tun farko, kuma hujja ce da dattawan unguwa za su iya tunatar da magadan da ita.

TAMBAYA: Mun koma sabon gida a wajen Panshekara, kusa da kogin Challawa. Yarana maza sun saba zuwa wanka kogi, yanzu babban yana fitsari da jini a ƙarshensa. Maƙwabta sun ce alamar balaga ce, zai daina.

AMSA: Ba balaga ba ce, Malama, kuma kada ki jira ya daina. Wannan ya yi kama da tsargiya, cutar da wata tsutsa ke kawowa, wadda take girma a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa, ta huda fatar mai wanka ta shiga jini, ƙwayayenta su riƙa raunata mafitsara. Idan aka bar ta tana jawo ƙarancin jini, daga baya kuma ta lalata mafitsara da ƙoda. Ki kai shi asibiti a gwada fitsarinsa, ki haɗa da ƙannensa ko da ba su nuna alama ba. Maganinta ƙwaya ce mai suna praziquantel, ana auna ta da nauyin yaro ko tsayinsa, sai dai ba ta hana sake kamuwa idan ya koma ruwan. Akwai wasu dalilan biyu na raba su da kogin: ruwan masana'antun Sharada da Challawa, har da na kamfanonin jima masu amfani da sinadarin kuromiyam, yana gangarawa cikinsa a wasu wurare, sannan masu ɗibar yashi suna barin ramuka masu zurfi da ba a ganinsu idan kogi ya kawo. Ki sa mahaifinsu ya zaga da su bakin kogin yanzu da rani, ya nuna musu ramukan da idonsu kafin ruwa ya rufe su.